Je Ka Agege

Ziblim mai gyaran takalmi bai taɓa zagin kowa ba, amma daga bakinsa muka samu zagin da ya cika unguwarmu ta Maamobi.

Badagombe ne, daga arewacin ƙasarmu. Bayan rasuwar matarsa ya bi ayarin masu neman arziki zuwa Agege ta Legas, da 'yarsa Sanatu. A 1983 aka kori baƙi daga Najeriya. Cikin turmutsutsun shiga jirgin ruwa hannun yarinyar ya suɓuce daga nasa. Shekararta bakwai. Jirgi ya tashi da shi, ba da ita ba.

Da ya dawo, ya kafa benci kusa da inda nake sayar da shinkafa da wake. Duk wanda ya dawo daga Najeriya sai ya tare shi da tambaya. Sau biyu ya koma nema, ya bar sunan unguwarmu a masallatan can. In allura ta soke shi, abin da yake cewa kawai shi ne, "Agege!"

Mutanenmu kuwa ba su da aiki sai kwaikwayo. Kafin shekara biyu, direba da fasinja in sun yi faɗa da Turanci, sai ka ji "Go Agege!" maimakon a tura mutum wuta. Har a gaban malamai ana faɗi. Wanda bai biya haya ba, an ce ya tafi Agege. Shi kuma suka laƙaba masa Baba Agege, suna ihu suna gudu. Abin yana ƙona min rai. Na sha jifan mutane da ludayi a kansa.

Wata Talata a 1991, Ziblim ya tafi sayen fata. Wani baƙo da hular direbobi ya tsaya a gabana yana murmushi.

"Hajiya, ina mutumin Agege ɗin nan?"

Ban bari ya ƙara kalma ba.

"Babba da kai, ba ka da kunya? Shi ya yi maka mene? Go Agege kai ma!"

Na watsa masa ruwan wanke kwano. Ya goge fuska, ya dube ni, ya tafi.

Sai da la'asar wani kwandasta ya gaya mana a tasha. Baƙon direban Legas ne. Wata budurwa ce ta aiko shi neman babanta mai gyaran takalmi. Motarsa ta tashi tun azahar, babu wanda ya tambayi sunansa.

Ziblim ya ji komai daga bakina. Bai zage ni ba. Ya ce, "Husseina, ya ce tana lafiya?"

Ban tambayi direban ba.