Gumbar da Kaka Ta Zuba wa Akwatin Wasa

Warin roba mai zafi ba ya yi mini daɗi. Ba ƙonanniyar taya nake nufi ba, a'a, wannan ɗan warin da ke fitowa ta bayan na'ura idan ta daɗe a kunne cikin bazara, roba da ƙura da zafin kuran, wato wutar lantarki, a haɗe. Shekaranjiya na tsaya wani shago kusa da tashar Dogon Dutsi don a caja mini waya, na tarar da samari suna ta gardama a kan sabon akwatin wasan da suka gani a bidiyo. Wannan ya ce hotonsa kamar mutum zai fito ya gaishe ka, wancan ya ce ƙarya ne, na ɗaya kamfanin ya fi shi sauri. Kuma fa babu ɗayansu da ya taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya. Ina tsaye ina jin su sai warin nan ya bugo ni daga bayan telen mai shago, wato talabijin ɗinsa. Wallahi ban jira cajin ya cika ba, na karɓi wayata na yi gaba.

Bari in gaya maka dalili, mai karatu, ko da yake ba labari ne mai daɗi ba.

A gidanmu akwai wata tsohuwa da muke ce wa Kaka. Ba ita ta haifi babana ba, ƙanwar kakana ce. Asalinmu ƙauyen Lugu ne, amma kakana ya baro can tun yana saurayi, ya musulunta, ya kafa gida a Dogon Dutsi. Ita kuwa ta yi aure a wani ƙauye, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya mutu, sai kakana ya ɗauko ta ya ba ta ɗaki. Da shi ma ya rasu, ta zama tsohuwar da ba ta da ɗa a gidan, sai 'ya'yan ɗan'uwa. Ka riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya. Zamanta a gidan zaman alfarma ne, kuma kowa ya sani, ita ma ta sani.

Da aka yaye ni, ita aka miƙa wa. A ɗakinta na tashi, cikin ƙamshin man gyaɗa da saiwoyi da hayaƙin da ya kama jinkar ɗaki. Mijinta take kirana, ni kuma in ce mata tsohuwar matata mai haƙori ɗaya, ta kai mini duka da muciya tana dariya. Ba ta bar hanyar iyayenta ba. Tana da doguwarta da take yi wa hidima, tana da ƙwaryarta ta musamman da ba a shan ruwa da ita. Idan aka kai sabon gero rumbu, sai ta dama gumba ta zuba kaɗan a ƙasa kafin kowa ya kai baki. A wurinta duk abin da ya shigo gida yana da haƙƙin a gaishe shi, mutum ne ko ba mutum ba.

Akwai kuma ƙanen babana da muke ce wa Baba ƙarami, ɗan kasuwa, mai zuwa Najeriya yana dawowa da kaya. Shi ya yi wa ɗakunan gidan rufin kwano, saboda haka muryarsa ta fi ta babana nauyi, ko da yake babana ne babba. Ya bar gemu, ya ɗage wando, ya shiga cikin samarin nan masu wa'azi da ba sa raga wa kowa. Ba sallarsa nake zargi ba, ni ma ina yi. Halinsa nake faɗi. Tun kafin zancen akwatin ya sa an fitar da ƙwaryar Kaka daga ɗaki an fasa, ta tsince gutsattsarin ta binne bayan rumbu.

Wata bazara ya dawo da akwatin wasa, ɗan toka-toka, mai murfi a sama inda ake sa faifai. Mu yara konsol muke ce masa. Ya share zaure, ya ajiye tele a kan tebur, ya jera benci, yaran unguwa suka riƙa zuwa suna biya suna buga ƙwallo da manat, wato abin riƙewar nan mai maɓallai. Dokokinsa biyu ne: idan an kira salla a kashe, idan kiɗa ya taso a cikin wasan a rage murya, don kiɗa haramun ne. Kai, mutumin nan! Kiɗan ne kawai ya gani a cikin akwatin.

Ni ɗan gida ne, ba na biya, kuma hannuna ya faɗa da wuri. Ba a jima ba na zama wanda ba a cinyewa, har manyan 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, na zuwa daga wasu unguwanni don su gwada ni. Baba ƙarami ya ga ina jawo masa mutane, sai ya riƙa zaunar da ni a bencin gaba tun dawowata daga lakwal har magariba. Idanuna suka yi ja. Tuwo ya daina shiga, sai in yi loma biyu in tashi. Kaka ta tsaya bakin zaure ta kira ni, ta sake kira, ban ji ba, ba wai ina share ta ba ne, wallahi ba na ji. Ko da rana na kishingiɗa a tabarmarta, wai sai ta ga manyan yatsuna suna motsi su kaɗai, bakina yana cije.

To, ita ta san wannan. Ta ga mata da yawa a irin wannan hali a filin bori: ido a kafe, jiki na rawa, a kira mutum da sunansa bai amsa ba. Wata safiya ta tari Baba ƙarami a tsakar gida, a hankali, da ladabi kamar ita ce ƙarama.

"Ɗana, abin ga da ka kawo, da mai shi a ciki. Ta hau yaron ga. Baƙuwa ta shigo gida, ba wanda ya ba ta ko ruwa, shi ya sa ta kama wanda ta samu. Ka bari in gaishe ta."

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah," ya ce. "Na'ura ce, Nasara sunka ƙera ta. Kada in ƙara jin wanga zance cikin gidan ga."

Ba ta ƙara yi masa maganar ba. Amma ta riƙa zuwa bakin zaure tana kallo, har wata rana ta ce in nuna mata inda abin yake ci. Na danna mata maɓallin, murfin ya buɗe, na nuna mata yadda ake sa faifai. Ta gyaɗa kai ta koma.

Wata ranar Juma'a muka tafi masallaci da maza duka. Ana sallamewa na ruga a guje don in riga kowa kama manat. Na tarar an share zauren tas, an yayyafa ruwa. Takalman Kaka suna bakin ƙofa a jere. Tana durƙushe gaban tebur, ta yafa farin zanenta na fita, murfin akwatin a buɗe, tana tsiyaya masa gumba da nono daga ƙaramin ludayi, sannu-sannu, kamar yadda ake ba jinjiri. Tana magana ƙasa-ƙasa, tana ba da haƙuri, tana cewa ba a san da zuwanta ba ne, ga rabonta, ta sakar mata mijinta. An ɗauke kuran tun hantsi, kuma ba wanda ya zare wayar akwatin daga bango. Ina tsaye baki buɗe kuran ya dawo. Abin ya yi ƙara, ya tofar da ɗan hayaƙi, zaure ya cika da warin roba da ƙonannen gero.

Kaka ta juyo fuskarta cike da murna. "Ka gani? Ta karɓa."

Na yi kuka, kukan akwati, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin kukan yaro. Baba ƙarami bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi da ya fi. Ya dubi gumbar da ke ɗiga daga tebur, ya fita, bayan la'asar ya dawo da abokan wa'azinsa biyu, aka kira babana zaure. Ina jin su ta bayan zana. Ko sau ɗaya bai ambaci asarar akwatin ba, ka ji wayo. Cewa ya yi an yi tsafi a zauren da suke shimfiɗa tabarmar salla, cikin ranar Juma'a, kuma shi ba zai ƙara kwana gida ɗaya da shirka ba: ko ita ta fita, ko shi ya kwashe iyalinsa. Na jira in ji babana ya ce wannan ƙanwar ubanmu ce, ita ta goya mu. Na jira har ƙafata ta yi sanyi. Abin da na ji daga bakinsa kawai shi ne, "To, a bi a hankali." Inna tana madafa tana share hawaye da bakin zane, ita matar gida ce, ba a tambaye ta ba.

Ba a ma kai dare ba, tun da sauran rana babana ya shiga ɗakin Kaka yana ta kewaye-kewaye, wai ko za ta je Lugu ta ɗan huta, ta ga dangi. Ina zaune a gefenta da ƙwaryar tuwo, na cinye tas don ba abin da zai tashe ni. Ba ta dube shi ba, ƙwaryar ta duba.

"Ya ci tuwo yau ko bai ci ba?"

"Ya ci, Gwaggo."

"To, mi ya rage? Ku nemo mini amalanke."

Wannan ne abin da ke ci mini rai har yau. Ta tafi tana ganin ta yi nasara. Ba ta roƙi kowa ba. Da safe aka ɗora ƙullin kayanta da tabarma a amalanken jaki na wani mai zuwa wajen Lugu, hadarin farkon damina yana haɗuwa ta gabas. Ta shafa kaina ta ce, "Mijina, kada ka yi mini kishiya da akwati." Na riƙe ƙafar amalanken, sai da Inna ta ɓamɓare hannuna. Dangin da aka ce za ta gani kuwa jikokin wani ɗan'uwa ne da ba su taɓa ganinta ba, don tun tana budurwa ta bar garin.

Gero bai fitar da kai ba Baba ƙarami ya kawo wani akwatin, sabo, ya fi na da. Ya sake zaunar da ni bencin gaba, na kuma zauna. Yaro ne ni, ba zan ɗauki wannan a kaina ba. Akwai manya a gidan masu gemu da hankali. Bayan kaka, da aka gama kai amfanin gona gida, wata mai sayar da wake daga Ɗan Kassari ta shigo ta gaya wa Inna cewa tsohuwarmu ta rasu, har an kwana biyu da binne ta. Babana ya zauna ya riƙe kai. Baba ƙarami ya ce ba a zuwa gaisuwar wanda ya mutu a kan wannan hanya, kuma ba wanda ya je. Ran nan ma ba a rufe zaure ba, ina jin yara suna ihun an ci ƙwallo.

Sabon akwatin ma bai yi wani tsawon rai ba. Wani ya fito wanda ya fi shi, yara suka koma shagon da ke da wancan, daga baya waya ta zo ta kashe shagunan gaba ɗaya. Na ga namu da idona an tokare ƙofar akurkin kaji da shi. Shi ya sa idan na ji samari suna rantsuwa a kan wanda ya fito bana, sai in ji haushi ya taso mini. Masu ƙera abubuwan nan tun suna ƙerawa sun san baɗi za su ce ya tsufa, ka jefar ka sayi wani. Mu ne ba mu sani ba, muka ɗauki abin da zai ƙare a akurki muka fifita shi a kan mutum. Ban ce akwai doguwa a cikinsa ba. Amma a duk gidan nan ita kaɗai ta lura yaro ya daina cin abinci, ta kuma yi abin da ta iya. Da na girma na je Lugu neman kabarinta. Mutanen kirki ne, sun ba ni ruwa, sun zagaya da ni, amma ba wanda ya iya cewa ga shi nan.

Baba ƙarami yana raye, ya tsufa, gemun ya yi fari. Da sallar da ta wuce na je gaishe shi, don babba babba ne. Na same shi yana ta faɗa da jikokinsa, kowa ya duƙufa a kan waya, yana kira ba mai amsawa. Ya ce mini wayoyin ga ba banza ba, akwai shaiɗan a ciki, har ya sa malami ya zo ya yi wa ƙaramin ruƙiyya. Daga nan hira ta kai shi baya, ya washe baki yana ba yaran labarin cewa shi ya fara kawo konsol unguwar. Ya tuna launinsa, ya tuna kantin da ya saye shi, ya tuna har manat ɗin da maɓallinsa ɗaya ke maƙalewa.

Na ce, "Baba, ka tuna tsohuwar da ta bar gida a kansa?"

Ya ɗaga kai yana tunani. Na dube shi da kyau ko wasa yake yi, ko kunya ce. Ba ko ɗaya, tsakaninsa da Allah yake laluben abin. Can ya juyo ya ce, "Wace tsohuwa?"