Kofur Hodi Mai Kwanson Harsashi

A Nasarawa ta Birnin Kebbi, zamanin da sai an je Sakkwato ake ganin gwamna, akwai wani mai gyaran risho da fitila da ake kira Kofur Hodi. Tsohon soja ne. Ya shiga aikin lokacin yaƙin basasa, amma bai daɗe a bakin daga ba ya ji ciwo a ƙafa, aka mai da shi ma'ajin makamai. Aikinsa a can shi ne buɗe akwatunan harsashi, ya ware masu kyau daga waɗanda ruwa ya taɓa. Da aka rage sojoji bayan yaƙi ya dawo gida yana ɗingishi, ya kuma dawo da wata ɗabi'a: ba ya iya wuce kwanson harsashi a ƙasa bai duƙa ya ɗauka ba.

Kwanso kawai yake tarawa, wanda aka riga aka harba, babu albarushi a ciki. Maharba na kawo masa, tsofaffin abokan aikinsa na aiko masa. Yana jera su a kan wani katako a shagonsa. Akwai na Ingila, dogaye na tagulla, tun na zamanin Bature. Akwai gajeru na Rasha, na baƙin ƙarfe da aka shafa wa koren fenti mai ƙyalli. Akwai wasu na ƙarfe da aka yi wa wankan jan ƙarfe sama-sama. Matarsa Laure, 'yar Argungu, ba ta hana shi ba, sharaɗinta ɗaya ne: kada ko guda ya shigo ɗakinta.

Abin da ya daɗe yana cin ransa shi ne abin da ya gani a kudu lokacin yaƙin. Akwati biyu za su kwana cikin ruwa ɗaya, a buɗe wannan a tarar tsatsa ta cinye shi, a buɗe wancan a tarar kamar jiya aka yi shi. Yana son ya gani da idonsa wane irin kwanso ne ya fi jure laka. Ƙasar Nasarawa busasshiya ce, ba za ta nuna masa kome ba. Don haka wata bazara ya hau mota zuwa Argungu, daga nan ya wuce Gulma, inda ƙanen Laure, Maigandi, ke noman shinkafa a fadama.

"Wuri kaɗan nika so, can bakin iyaka," in ji Hodi. "In bizne su, in an yi girbi in zo in tone."

Maigandi ya yi dariya. "Kofur, mutane na shibka shinkahwa, kai kana shibka harsashe. To je ka, in sun tsira ka ba ni iri."

Hodi ya ɗaure kwansunan da waya, kowane iri daban, ya binne su, ya kafa turke a wurin.

Gonar da ke maƙwabtaka da wurin ta wani ce mai suna Kalilu, mutum mai yawan iyali, wanda shinkafar nan ce kaɗai abin da ya dogara da shi. Yana cikin gonarsa ya hangi baƙo ya durƙusa a bakin iyaka yana tura wani abu cikin ƙasa. A wannan shekara ruwan gulbi ya makara, da ya zo kuma bai kai gonar Kalilu sosai ba, don ta fi ta Maigandi tudu. Shinkafarsa ta yi ja, ta ƙone, ta Maigandi kuwa ta yi dama-dama. Kalilu ya ɗauki fartanya ya je gindin turken nan ya tona. Da ya ga harsasai ɗaure da waya, bai koma gida ba, ya zarce ƙofar maigari.

Aka aika Birnin Kebbi a kira Hodi. Laure ta so ta bi mijinta, ya ce ta zauna, magana ce ta fahimta. Ya tarar da zauren Maigari Dikko cike, ƙullin kwansunan na ajiye a tsakar tabarma, kowa ya ja jiki nesa da su.

"Ranka shi daɗe," in ji Kalilu, "ban taɓa yi mai kome ba. Ban ma san shi ba. Mi ɗiyana za su ci bana?"

Maigari ya dubi Hodi. "Kofur, mi kab bizne ga iyakar mutane?"

Hodi ya nemi ruwa a kwano. Ya kwance wayar, ya wanke kwansunan ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa maigari. Na tagulla sun yi baƙi, wasu sun yi kore-kore, amma da ya goga ɗaya a gefen rigarsa sai hasken ya fito, jikin bai ci ba. Masu koren fenti lafiya lau suke, sai inda fentin ya ƙuje, nan tsatsa ta shiga ta yi rami. Masu wankan jan ƙarfe kuwa sun rube, har ɗaya ya farfashe a hannunsa.

"Abin da nika son in sani ke nan, ranka shi daɗe. Babu laya, babu rubutu."

Wani dattijo ya ce, "To in ka sani, mi za ya ƙara ma?"

Hodi ya ce, "Ba kome. Na dai sani."

Wasu suka yi dariya. Kalilu bai yi ba. Maigari ya yanke cewa babu asiri a cikin maganar, amma Hodi ya yi kuskure da bai gaya wa maƙwabci ba, kuma kada ya sake binne kome a ƙasar Gulma. Hodi ya karɓa, ya ba Kalilu haƙuri. Kalilu ya tashi ya fita. Daga baya Maigandi ya kai masa shinkafa daga cikin tasa, ya karɓa, amma har ya bar duniya bai sake gaisawa da Hodi ba. Wannan abu ya tsaya wa Hodi a rai, yakan ambace shi lokaci-lokaci.

Da jama'a ta watse, maigari ya ce Hodi ya dakata. Ya shige da shi cikin gida, wani ɗakin ajiya da ke jikin garken awaki. Ya janyo wata tsohuwar jakar soja daga bayan tukwane.

"Mahaihina ya yi yaƙin Bama. Da wannan yad dawo. Tun da yar rasu ban san yadda zan yi da ita ba."

Harsasai ne na Ingila, cikakku, ba a harba ba. Hodi bai taɓa riƙe cikakku masu tsufa irin wannan ba. Waɗanda ke zube a jakar duk wuyansu ya tsage. Ya ce wa maigari tagulla na jure ruwa, amma ba ta jure zaurin fitsarin dabbobi, shi ke tsaga ta. A ƙasan jakar kuma akwai wani gwangwani da aka like bakinsa da dalma. Ya san na ciki suna nan garau.

"Ka ɗauka, na ba ka," in ji maigari.

Hodi ya daɗe yana juya gwangwanin a hannu. Ya so shi ƙwarai. Amma lokacin mulkin soja ne, ana tsananta bincike kan makamai, kuma gidansa akwai yara, akwai wutar girki.

"Ranka shi daɗe, wanga ba na ajiya ba ne. Mu kai ma hukuma."

Washegari suka tafi Argungu tare, maigari a gaba, Hodi na rungume da jakar. An yi musu tambayoyi har bayan azahar, aka karɓa, aka sallame su. Hodi ya roƙa in an lalata su a ba shi kwanso ko guda. Aka ce za a duba. Ya koma ya tambaya sau da dama, bai samu ba, ya haƙura.

Bayan wannan ya sayi tsohuwar randa, ya sa Maigandi ya riƙa aiko masa da lakar fadama a buhu, ya ci gaba da gwajinsa a bayan shago. Mutanen Nasarawa suka saba, har masu kawo gyaran risho kan tambaye shi wanne ya fi jure laka bana.

Ya rasu da damina, kafin a ba Kebbi jiharta, bayan gajeriyar jinya. Maƙera sun zo neman tagullar don su narka. Laure ta ce su bari ta gama takaba. Da ta gama, ta kira wani tsohon abokin aikinsa daga Jega, ta ce ya kwashe duka, shi ya san darajarsu. Randar kuwa ta wanke ta, ta mai da ita ta ruwan wanki.