Ranar da Kafinta Ya Rufe Umma da Ƙusa

Saura kwana goma sha tara Umma ta fita takabar Babanmu, iska ta zo ta yi mana ɓarna a gidanmu na Rafin Guza. Ruwan farkon damina ne, irin wanda yake zuwa bayan azahar cikin fushi, ya yi abin da zai yi cikin ɗan lokaci, ya wuce ya bar mutane da salati. Ina ofis maƙwabciyarmu ta kira ni a waya, tana magana tana haki, ban fahimci komai ba sai "mangwaro" da "ɗakin Umma". Ko jakata ban tsaya rufewa ba.

Gidan ɗaki uku ne. Baba ya gina shi da kaɗan kaɗan yana aikin gwamnati, tun unguwar tana ƙauye sosai, gonakin masara sun fi gidaje yawa. Da na iso na tarar iska ta yaye kwanon ɗakuna biyu ta watsar a bayan layi. Ɗakin Umma kaɗai rufinsa ya tsira, amma reshen mangwaron tsakar gida ya karye ya faɗo masa ta gaba. Gilasan tagogin biyu sun tarwatse, ƙyauren ƙofa ya ɓalle yana kwance a cikin taɓo, katakon da yake riƙe shi ya tsage gida biyu. Tsakar gidan kuwa ruwa ne har idon sawu.

Na faɗa ɗakin da gudu. Ga Umma can a kusurwa kan darduma, cikin hijabinta mai ruwan toka, carbi a hannu, ta tattara fasassun gilasan a cikin tsohon kwano ta ture gefe. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke kuma haka kika taho ba lema? Kin ma ci abinci?" Wallahi da ba uwata ba ce da na yi mata tsawa.

Ban gama share ruwan ɗakin ba Yaya ya kira. Shi ne babbanmu, yana zaune a Unguwar Sarki da iyalinsa, mutum ne mai son tsari, wanda kan yanke magana tun kafin ya buɗe baki. Ya ce ya riga ya tambayi malami, an tabbatar masa mai takaba tana iya sauya gida idan lalura ta kama, don haka zai zo da mota kafin magariba, a haɗa kayan Umma. Na miƙa mata wayar. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ba inda za ni." Ta miƙo mini abata.

Ni a lokacin na ɗauka na san dalilinta. Tun ranar sadakar bakwai Yaya yake ta zancen gidan ya yi wa Umma girma, gara a zuba 'yan haya ta koma wurinsa. A raina na ce tsoro take ji, idan ta fita yau ba mai dawo da ita. Kuma ina bayanta ɗari bisa ɗari, don ni ma ba na son ganin baƙi suna shanya a igiyarmu. Sai na shiga roƙon Yaya, na ce idan aka toshe ɗakin kafin ya zo fa? Ya ce, "Kin ga hadarin da yake sake haɗowa a gabas? In na zo na ga kafa ko ɗaya da ruwa zai shiga, a mota zan sa ta, ke ma ki biyo mu in kina so."

Mutum ɗaya ne ya faɗo mini a rai, tsohon kafintan nan Bakatsine mai rumfa a bakin titi, wanda muke ce wa Baba kafinta. Duk wata ƙofa da taga ta gidanmu shi ya yi ta. Shi da Babanmu sun shekara talatin suna musu. Babanmu ya ce aikin kafintan a karkace yake, shi kuma ya ce ginin ne a karkace, ma'aikacin gwamnati me ya sani ban da biro. Amma Babanmu bai taɓa kai aikinsa wani wuri ba, kuma ranar jana'iza na ga tsohon nan daga nesa ya ƙi sakin makara, ana karɓa yana sake kamawa.

Na same shi mutane sun yi masa rumfa, kowa da ɓarnar da iska ta yi masa. Yana hango ni ya ce, "Ɗiyata, lahiya? Gidan abokina ne?" Na ce eh. Ya ɗauki gudumarsa da zarto da wani gwangwanin madara cike da tsofaffin ƙusoshi, ya ce wa sauran su yi haƙuri, akwai mai takaba a gaba da su. Suka ba shi hanya.

Katako ne babu. Wanda yake da shi a rumfa ya jiƙe, kuma bai kai ba. Sai muka bi layi muna karɓa. Mai shayi ya ba da saman tsohon teburinsa. Tela ya ciro allon tallarsa da ya daina amfani da shi, mai hoton wata mata da ƙaton ɗankwali. Maƙwabciyarmu ta fito da katakan wani gado da ya karye tun haihuwar ɗanta na fari. Muka tsinto fallayen kwanonmu biyu da iska ta yar, Baba kafinta ya taka su da ƙafa ya miƙar. Aka jibge komai a zaure. Ya leƙa gwangwaninsa ya girgiza kai, ya ce ƙusar ba za ta isa ba, in je kasuwar Kawo in samo, in haɗo da leda mai kauri.

Na shiga na gaya wa Umma zan je in dawo, ta ce in yi a hankali, ita za ta yi alwala don la'asar ta kusa. Na fito na sami tsohon a zaure yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi a kan dutse. Na ce, "Baba, don Allah a toshe ko'ina. Kada a bar kafar da ko iska za ta shiga." Ya ce, "An gama, ɗiyata. Tahi abinki." Wannan maganar tawa ita ta jawo komai.

Hanyar Kawo ranar ba ta biyuwa. Ruwa ya cika kwata ya hau titi, motoci sun cushe tun kafin tasha, mai babur ɗin da ya ɗauke ni sai kewaye yake ta lunguna. Na fi awa ɗaya. Ina dawowa na shiga tsakar gida na tsaya turus. Aiki ya kammala. Tagogin nan biyu an rufe su ruf, ɗaya da saman teburin mai shayi, ɗaya da matar nan mai ɗankwali tana murmushi a kwance. An cusa tsumma a duk wata 'yar tsaga. Ƙofar kuma ya ɗaga ƙyauren ya mayar da shi gurbinsa, ya lulluɓe da fallen kwano, ya gicciya katakan gado uku a kai ya kafe su a jikin bango. Ashe da ya ga na daɗe, sai ya bi katakan gadon yana zare ƙusoshin da ke jikinsu yana aiki da su. Yana tsaye gefe yana goge hannu, fuskarsa cike da jin daɗi.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ina Umma?"

Ya ce, "Halan ba ɗan'uwanki ya tahi da ita ba? Haka na ji mata na hwaɗi a waje."

Kafin in buɗe baki sai muka ji gyaran murya daga cikin ɗakin.

Ban taɓa ganin tsoho ya ruɗe irin na ranar ba. Guduma ta suɓuce masa, ya dafe kai yana salati, ya zauna daɓas a kan reshen mangwaron. Ya rantse cewa kafin ya fara aiki sai da ya yi sallama sau uku daga bakin zaure, ba a amsa ba. Ya shigo ya dubi ƙofar ɗakin, bai ga takalmi ba, kuma a iya saninsa ba a taɓa samun mutum a ɗaki babu takalminsa a bakin ƙofa ba. Takalman Umma kuwa ruwa ya tafi da su tun da rana, daga baya muka tsinci wari ɗaya a bakin rariya. Na ce to me ya hana shi leƙawa? Ya dube ni kamar na zage shi. "In leƙa ɗakin matar abokina tana takaba? Mi kika ɗauke ni?" Kansa a sunkuye ya yi aikin daga farko har ƙarshe, idonsa bai wuce kan ƙusa ba.

Na manna bakina a jikin kwanon na ce, "Umma, kina ciki ake buga wannan duka, kika yi shiru?"

Ta ce, "Da ya yi sallama ina salla."

"Da kika idar fa?"

"Mai takaba ba ta ɗaga wa namiji murya. Kuma mutum yana aikinsa tsakani da Allah, ni ce zan katse shi?"

Na san muryar uwata. Dariya take dannewa. Rabon da in ji wannan muryar tun kafin Babanmu ya kwanta ciwo, sai na rasa dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun. Baba kafinta ya miƙe ya sa bakin guduma zai ɓamɓare katako, Umma ta ce, "Ke, ki ce masa ya dakata tukuna. Yayanki bai zo ya gani ba."

Ba a jima ba kuwa muka ji tsayuwar mota. Yaya ya shigo cikin farar shadda yana ɗage ƙafar wando. Ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana neman inda zai kama mu, bai samu ba. Da ya zo ƙofar ya ce, "To, ita kuma kun kai ta ina?" Na nuna masa da baki. Ya dubi katakan, ya dube ni, ya dubi tsohon da ya koma bayan mangwaro, fuskarsa ta sauya. Ya fara faɗa, wane irin hauka ne wannan, in wani abu ya same ta a ciki fa. Gaskiyarsa ce kuwa. Ana cikin haka yayyafi ya sauko.

Umma ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro. Ya bar faɗan, ya matsa jikin ƙofar.

Ta ce, "Ka ce in ka ga kafa ɗaya za ka ɗauke ni. Ka gani?"

Ya ce, "Umma, so kike mutane su ce ina da gida na bar uwata a kango?"

Ta ce, "Kwana sha tara ne. Ka bar ni in cika."

Ruwa yana ta ƙaruwa, yana zuba a kan shaddarsa, shi ko motsi bai yi ba. Ya daɗe a tsaye da tafin hannunsa a kan kwanon. Daga nan ya cire hularsa ya miƙo mini, ya naɗe hannun riga, ya juya ya ce, "Baba, ya za a yi wannan abin ya riƙa buɗewa?" Tsohon ya fito da saurinsa. Suka zare katakan, aka yanko gefen tsohuwar taya gida uku, aka kafa ta a maimakon ƙarfen ƙyaure, Yaya yana riƙe da ƙofa tsohon yana bugawa yana yi masa faɗa bai iya riƙo ba. Da aka buɗe, Umma tana zaune inda na bar ta, ɗakin a bushe ƙamas. Abin da ta fara cewa shi ne a ba wa kafinta ruwan zafi ya sha, kada sanyi ya kama shi.

Na tare a wurinta har kwanakin suka ƙare. Ɗakin duhu ko da rana tsaka, sai mun tokare ƙofa da turmi haske yake shiga, kuma da zafi, amma ko ɗigo bai taɓa zubo mana ba. Yaya kullum sai ya biyo bayan ya tashi aiki, bai sake ɗaga maganar tafiya ba. Ni kuma ina ta shirin yaƙin da zan yi da shi a kan gidan idan takaba ta ƙare, har na fara tambayar yadda za a mayar da rufin sauran ɗakunan.

Ranar da ta cika, Umma ta yi wanka da safe, ta sa sabuwar atamfa, aka yi sadakar ƙosai aka raba wa maƙwabta. Da Yaya ya zo, sai ga ta ta fito da jaka biyu a ɗaure, ban ma san lokacin da ta haɗa su ba. Ta miƙa masa makullan gidan gaba ɗaya ta ce, "To, mu je."

Na ce, "Umma, gidan fa? Ba shi kike tsaro ba?"

Ta dube ni da mamaki. "Ni gida nake tsaro? Duk tafiyar da aiki ya kai ubanku, a ɗakin nan yake bari na, kuma ban taɓa ɗagawa ba sai kwanakin da aka ɗiba sun cika. Wannan ma sun cika. Sai dai shi ne ba zai shigo ba."

Ta gyara mayafinta ta shiga gaban mota. Ni ce na tsaya a zaure na kasa ɗaga ƙafa, har sai da ta aiko Yaya ya kamo hannuna.