Rigar da Ba Ta da Aljihu

Mai-Gilashi ake ce masa a layinsu, tela ne, shekara arba'in yana taka keke a wani ɗan shago ƙarƙashin bene. Kafin ya taɓa riƙe almakashi kuwa, bara ne a gidan wani attajiri, shi ke goge takalma, shi ke kwashe kwanuka. Bai cika son zancen ba.

Da tsufansa masu fim suka ɗauke shi ɗinki. Fim ne na zamanin da, labarin wani bara mai dogon buri da ya yi ta haɗa 'yan gida faɗa har ya gaje kujerar maigidansa. Tela dai burinsa ɗaya: sunansa ya fito a ƙarshen fim, 'yarsa ta karanta masa.

To amma shugabar masu sutura, kai, Allah ya raba ka da irinta! Sai ta kai wa darakta aikin tsoho ta ce dabararta ce, tana kuma neman dalilin da za ta cusa ƙaninta a gurbinsa.

Ranar da za a ɗauki wurin da baran ya saci wasiƙa, jarumin ya laluba ƙirji, ya laluba gefe, babu aljihu. Aiki ya tsaya cak.

"Ka gani ko, yallaɓai?" in ji shugaba. "Tsufa ne. Wannan riga babu hannuna a ciki, aikinsa ne shi kaɗai."

Darakta ya dubi tela. "Baba, mantawa ka yi?"

"Ɗana, ina fa mantuwa! A irin gidajen nan ba a yi wa bara aljihu, wai kada ya saci cokali. Shekara tara ina sa irinta." Ya juya bakin rigar, ya nuna wata 'yar kafa a cikin kalmasa. "Nan muke ɓoye abu."

Darakta ya buga cinya. Nan take aka sake tsari, kyamara ta bi yatsun jarumi yana zura wasiƙa a kalmasa. Shugaba ta buɗe baki za ta ce ai shawararta ce, ta tuna abin da ta faɗa gaban kowa, ta haɗiye abarta. Ramin mugunta dai a gina shi gajere.

Ranar da aka haska fim, da aka zo kan sunaye a ƙarshe, 'yarsa ta miƙe tsaye. "Baba, ga ka nan!" Har mutane suka waiwayo. Daɗi ya kashe tsoho, ƙwalla ta cika gilashi, amma bai share ba. Hannayensa duka biyu na cikin aljihun sabuwar rigar da ya ɗinka wa kansa, mai aljihu huɗu.