Koriyar Kujerar Alhaji Zulkifilu

Ranar Alhamis, bakwai ga Agusta, 2025, ina bakin magaza, ma'ajiyar kayanmu, ina faɗa da wani direba a kan buhunan gyaɗar da ya bari ruwa ya taɓa, sai na ga mai gadinmu ya ajiye waya ya zauna a ƙasa. Allah Ya karɓi ran Alhaji Zulkifilu Mahamat, babban direktan kamfaninmu na man gyaɗa da sabulu a nan Garwa, bayan jinyar da ya daɗe yana ɓoye mana. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, mu ma can muka dosa. Ban ƙarasa faɗan nan ba har yau.

Baba Alhaji, ni ne Hanzala, wanda ka laƙaba wa Barkono. Masu manyan takardu za su rubuta naka tarihin da Faransanci mai kyau. Ni makaranta a aji na ƙasa na bar ta, karatuna na tsofaffin jaridu ne da littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi, waɗanda bangonsu ya yage. Da abin da nake da shi zan yi maka.

Haɗuwarmu ba ta ladabi ba ce. Akwai bishiyoyin dogon yaro a harabar kamfani inda mu masu lodi muke cin abincin rana. Wata rana muka tarar an ja layi da farin fenti, an ce inuwar ta motocin manya ce. Na tare ka kana fitowa daga biro, wato ofishinka, na ce maka mota ba ta gumi, mu ne muke yi. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a takardar ta'aziyya ba. Abokaina suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ka tsaya har na gama, sannan ka tambaye ni littafin me ke leƙowa daga aljihuna. Washegari aka goge fentin. Ni kuma aka ce in zo taron shugabanni ranar Litinin, na kwana da sanin korata za a yi a gaban jama'a.

Da na shiga, kujeru duk na fata ne in ban da ɗaya, ta ƙarfe, koriya, wadda ka sa aka ɗauko daga wurin masu gadi. Ka nuna mini ita. Ka ce wa shugabannin sassa daga yau duk Litinin wani daga ƙasa zai zauna a nan, aikinsa kawai ya yi gardama da abin da aka kawo, kuma ba wanda zai taɓa shi a kan abin da ya faɗa a ɗakin. Musyu Georges, shugaban sashen sayarwa, ya dube ni kamar an shigo da akuya masallaci.

Na ɗauka basirata ka gani. Ka bar ni da wannan tunanin har ranar da aka kawo shawarar buɗe shago a Mayo-Oulo. Na miƙe na yi ta zuba, na ce mutanen can man Najeriya suka saba da shi, ba za su sayi namu ba. Maganar banza ce, yau shagon yana cikin masu ciniki. Amma da na zauna, Hajiya Kaltumi, wadda a lokacin take riƙe da sashen sufuri kuma ba ta cika buɗe baki ba, ta ce ita damuwarta hanya ce idan damina ta sauka. Da maganarta aka gyara shirin. Bayan an tashi ka ce mini: "Barkono, yawancin abin da kake faɗa ba daidai ba ne. Amma in ka yi ɓarin bakinka suka ga ba a kashe ka ba, masu gaskiyar sai su samu ƙarfin magana." Na yi fushi da kai har na daina gaishe ka. Kai ka riƙa gaishe ni.

A kan kujerar nan na ga yadda kake renon manya. Ba ka faɗin ra'ayinka sai kowa ya gama, don ka ce in shugaba ya riga magana, sauran amin kawai za su ce. Wanda ya zo neman ƙarin matsayi, ba ka tambayarsa abin da ya yi, sai ka tambaye shi wa ya koya wa aikinsa. Musyu Georges ya sha wannan tambayar, ya fita yana huci, ya koma ya zaunar da mataimakinsa ya koya masa komai, daga baya ka ƙara wa shi Georges ɗin matsayi da hannunka. Kuma kakan ce musu su lura da sashen da mutane ke yin tsit idan shugabansu ya shigo, can ne ɓarna take kwance. Abin da ka fi maimaitawa shi ne, duk matakin da mutum ya hau, masu ce masa a'a raguwa suke yi, to ya nemo su da kansa tun kafin su ƙare.

Da masu gadi Fulatanci kake yi, a taro Faransanci, in za ka yi mini faɗa kuwa sai ka juya Hausa, wai ta fi shiga. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta, ka zo gidanmu a Yalwa cikin ruwan sama, ka naɗe ƙafar wando ka tsallake kwata, ka zauna a tabarma kana ba ta labarin irin wahalar da ɗanta yake ba ka har ta yi dariya. Littattafanka ka buɗe mini, da sharaɗin in na dawo da kowanne sai na faɗi inda marubucin ya yi kuskure. Ba ka taɓa ce mini in rage zafi ba. Cewa kake in san inda zan zuba shi.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya faru bayanka, don na san za ka so ji. Da aka kafa rumfar zaman makoki a ƙofar gidanka, an kwaso kujerun kamfani don baƙi, har da koriyar. A ƙarƙashin rumfar nan, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, na ji wasu masu manyan riguna suna raɗa cewa wasan yara ya ƙare, taron manya zai koma na manya. Allah Ya sani, don darajar matarka Hajiya Achta da ke ciki tana kuka na haɗiye abin da ya zo bakina. Bayan addu'ar bakwai aka mayar da kujeru, koriyar ba ta dawo ba. Na ce shi ke nan, an binne ta tare da kai, saura ni. Mai bakin da ya saɓa wa manya, in mai kare shi ya tafi, ai ya san sauran.

Litinin ɗin da ta biyo, Hajiya Kaltumi, wadda ka yi shekaru kana koya wa aikinka kuma aka ba ta riƙon kamfani, ta aiko a kira ni. Na shiga da maganganuna a shirye. Sai ga kujerar a mazauninta, an ma goge ta. Ashe ita ta aika har gidanka aka nemo ta a bayan zaure. Na nufe ta zan zauna, ta ce in dakata, ba tawa ba ce kuma, wata yarinya daga sashen sabulu za ta hau. Ni reshenmu na Pitowa zan je in riƙe, inda muke sayen gyaɗa. Ta ce: "Ka sayi taka kujerar a kasuwar Lahadi, ka nemo wanda ya fi ka baki ka ɗora shi. Kai kuma ka yi shiru sai kowa ya gama. Haka Alhaji ya bar wasiyya."

Baba, wannan wayonka ne, na gane hannunka. Ka san ba hukuncin da ya fi wannan tsanani a kaina.

Ya Allah, bawanKa Zulkifilu ya saurari na ƙasa da shi alhali yana da ikon rufe musu baki. Ka saurare shi da rahamarKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Achta, da 'ya'yansa Hisham da Haula, da dangi na Garwa da na Kusuri, da duk ma'aikatan da suka ci abinci a inuwar da ya mayar mana. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Na sayi kujerar, Baba. Na samu yaron ma, wani mai awon gyaɗa, bakinsa ya fi nawa kaifi. Jiya ya ce mini tsarina na banza ne a gaban kowa. Na riƙe gefen tebur, na cije, na bar shi ya kai ƙarshe. Allah Ya kai ladan kabarinka.