Ranar da Jakinmu Ya Ƙi Shan Ruwa

Shekarar da damina ta yi mana rowa, gulbin bayan garinmu ya tsotse, sai 'yan gurabu a tsakiyar yashi. Ruwansu kore ne, mai kauri, kai ka ce miyar kuka ce aka manta ba a sa daddawa ba. Nan shanu ke sha, nan ake wanki, nan muke ɗiba mu kai gida a jefa alif don dauɗar ta kwanta.

Ni ke zuwa ɗibar ruwa da jakin gidanmu. Wata rana da hantsi na iske gurbinmu ya yi garau, har ina hango yashin ƙasa, kuma ba kowa. Na durƙusa na yi ta sha har cikina na ƙara kamar jarka. Sannan na jawo jaki. Ya sunkuya, ya shinshina, ya ja da baya. Jakin da ya taɓa cinye mini hula, yau shi ne mai tsantsami. Na zabga masa sanda, ya kafe.

Sai na lura da shirun wurin. Ko kwaɗo ɗaya babu. A gefe, cikin ciyayi, ƙananan kifaye sun yi rigingine, ruwan kuma na tashin warin maganin feshin wake. Bakina ya cika da yawu mai ɗaci.

Gudun da na yi, na tabbata na wuce inuwata. Na tarar da kakata a rumfa tana kaɗi.

"Maigida, ina ruwan? Ko ka kai wa wata budurwa?"

"Kaka, na sha ruwan gurbi. Kifayen ciki duk sun mutu."

"Jakin ya sha?"

"Ya ƙiya."

Ta ajiye mazari. Tunda nake ban taɓa ganin tsohuwar nan ta rasa abin tsokanata ba, sai ranar.

"Masunta sun zuba magani," ta ce da innata. "Kira mini ƙanenki, ya taho da babur."

Kawu ya ɗaure ni a bayansa da rawani, muka kama hanyar asibitin garin Isa. Cikina na murɗawa, yawu na zuba a rigarsa, itatuwa sun zama bibbiyu. Na fara kalmar shahada, na rasa tsakiyarta.

"Kawu, za ni mutuwa?"

"Ka mutu bisa babur ɗina ka ga dukan da za ni yi maka."

Amma bai rage gudu ba ko a ramuka.

Ban san shigarmu asibiti ba. Na farka na ga robar ruwa a rataye, ruwan yana ɗiga yana shiga hannuna, garau kamar wancan. Na yunƙura in fizge, kawu ya danne ni.

"Daga wane gurbi aka ɗebo shi?" na ce.

Malamar asibitin ta yi dariya, ta ce na tsallake, gobe a sallame ni. Ni dai ban ɗauke ido daga robar ba har ta ƙare.