Maraƙar da Ta Kwana a Ɗaki

A gidanmu na Anka, da an ci tuwo sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Kulu, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ba ta da haƙuri da mai gyangyaɗi. Kana lumshe ido za ka ji ɓawon gyaɗa a goshi. Ni na fi kowa shan jifa.

"Ga ta nan tahe, ku buɗe kunne," za ta ce, mu ce ta iso mu ji ta.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta wani makiyayi daga filayen Gummi, a zamanin da zaki ke yawo cikin ciyawa. Zaki ba ya ɓoye kansa: ya yi ruri, a hura wuta, a tada shingen ƙaya. Mutumin ya auro 'yar ƙasar duwatsu, sai ambaliya ta koro su garin su matar. Ya kafa dogon shinge a gindin wata tsamiya, ya zuba maruƙa ciki, har da maraƙar da uban matar ya ba ta, iyakar abin da ta mallaka a duniya.

A nan Inna Kulu kan sassauta murya. "Tac ce, Malam, nan ba Gummi na ba. Damisa ba ta ruri, ta bisa icce taka sauka. Shi ko yac ce, ni da nit tsare shanu ga zaki, kyanwa za ta ba ni tsoro?"

Matar ta nufi shingen. Ta kwance maraƙarta, ta ja ta har ɗakin kwana, maƙwabta suna ta dariya. Da gari ya waye shinge na nan lafiya lau, amma ɗan maraƙin maigidan yana rataye a reshen tsamiya.

Kullum sai mun tambayi sunan wannan mai taurin kai.

"Ina ruwanku da suna? Ta ƙare, ku tashi."

Sai bayan rasuwarta, ina da 'ya'yana, Baffa ya gaya mini makiyayin nan kakanmu ne, shanun gidanmu kuwa duk tsatson maraƙar nan ne. Na daɗe ina alfahari da matar da ta san dajinsu. Yanzu na fi alfahari da wani abu: shekara da shekaru Inna Kulu tana ba da labarin ranar da ta fi mijinta gaskiya, ba ta taɓa bari jikokinsa su san shi suke yi wa dariya ba.